Katin da Baffa Ya Maƙale a Kansa

Zuwa ga ƙanena, ɗan lelen Baffa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, yaya karatu, yaya sanyin garin naku? Tarin da ka ce ya dame ka ina fata ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Baffa jiki da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu sai an kama shi zuwa bayi, ido kuwa ka san ya tafi ke nan, likita ya ce sai dai a ci gaba da lallaɓa sugan. Abinci yana ci, faɗa kuma ba abin da ya ragu.

Aikin ƙamus ya zo gangara. Kwalayen takalman da ka bari a ƙarƙashin gadonsa duk sun cika da kati, har sai da na roƙo wasu a shagon mai takalma na bakin titi. Kullum in na dawo daga makaranta, ko allin hannuna ban wanke ba, zan zauna in ɗauko kati in karanta masa aikatau ɗin Turancin, ya kama wuyan hannuna, in faɗi fassarar. Ka san dokarsa tun yana tafinta a kotu, fassarar da ba ta fita a numfashi ɗaya ba fassara ba ce, don alƙali ba ya jiran tafinta. In ta yi masa sai in rubuta misali a ƙasa, a kusurwa kuma in sa alamar wanda ya kawo ta. Tasa ɗigo, taka tauraro, tawa ɗan layi. Ban taɓa tambayar wanda ya raba alamomin nan ba, amma na san ba ni ba ce.

To yanzu mun maƙale a kwalin kusa da na ƙarshe, a kan wani aikatau, vouchsafe. Irin kalmomin manya ne da ake samu a tsofaffin hukunce-hukunce. Ya ce wani alƙali ya taɓa jefo masa ita a tsakiyar shari'a, ya fassara ta yadda ya samu, kuma tun ranar ba ta daina cin sa ba. Na ce bayarwa, ya ce kowa ma yana bayarwa, har mai kanti. Na ce amincewa, ya yi tsaki. Na buɗe baki zan kawo ta uku ke nan ya saki hannuna ya ce, "Rubuta wa yarona."

Ga shi na rubuta wa yaronsa. Ni da na gama digirina a Turancin nan kana ajin da ake ɗaura maka igiyar takalmi, ni da nake koyar da shi har yau, ni za a aika in tambayo ka. Kakarka da kakata ne ya da ƙanwa, karatu ya kawo ka gidan nan, ni kuwa 'yar ƙaninsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Amma kai ne yarona, ni kuwa sunana a bakinsa "ke". Ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi mini ciwo, kuma ina jin kishinka kamar ba ni na yi maka wanki ba.

Ka aiko da fassara da misali, kuma ka tabbata ta fita a numfashi ɗaya, don ni zan sha tsakin in ba ta fita ba.

Yayarka

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu dai muna nan. Baffa ya yi mura ta wuce, ni kuma jarrabawar ɗalibai ta sa ni gaba.

Shiru har yanzu. Baffa ya sa na juya masa kujera tana fuskantar ƙofa, ko babur ya ji ya tsaya sai ya ce in duba ko mai wasiƙa ne. Na ce mu tsallake katin mu ci gaba da na bayansa kafin amsarka ta zo, ya ce shi bai taɓa tsallake magana a gaban alƙali ba, ba zai fara a kan gadonsa ba. Aiki ya tsaya cak. In na dawo sai dai in yi masa wanka, in ba shi magani, mu zauna muna jiran ka tare.

Shekaranjiya tsohon akawun nan maƙwabcinmu ya shigo gaishe shi. Ina ɗaki ina guga na ji yana gaya masa cewa shi ba lallai ya ga ƙarshen ƙamus ɗin nan ba, amma ba ya damuwa, akwai yaronsa a waje, da ya warware masa kalmar nan zai damƙa masa kwalayen gaba ɗaya. Na ƙona wa Baffa wuyan riga, kuma ban yi da-na-sani ba.

Abin haushin shi ne ina da amsar. Ina yanke masa farce ta zo mini, cikakkiya, har da misalinta. Na ce Baffa na samo wata, ya ce in bari mu ji ta bakin yarona tukuna. Ko saurara bai yi ba.

Saboda haka ga abin da zan yi, kada ka ce ban gaya maka ba. In mako ya zagayo ban ga takardarka ba, zan ɗauki farar takarda in riƙe a gabansa, in karanta masa tawa in ce taka ce. So nake in ji yadda maganata take a kunnensa in ta sa rigarka.

Yayarka

Yarona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka addu'a kullum. Jikina da sauƙi. Yayarka ce take rubuta mini, na ce ta aika ta adireshin makarantarku don kada ta ɓata.

An karanta mini amsarka. Babba ya ga dama ya yi wa na ƙasa abin da ba dolensa ba. Ita ce. Na sa an maimaita mini, ta fita a numfashi ɗaya, har da saura. Ka kuma gane abin da ni ban gane ba a gaban alƙalin nan, cewa masu kalmar sun fi ɗauko ta a inda aka hana, a inda babba ya ƙi ko da buɗe baki. An sa tauraronka a kusurwa.

Misalinka ne ya hana ni sukuni. Shekara da shekaru ina gabansa, bai ga damar ce mini sannu ba. Na san da ni kake. Mutum ba ya ƙirƙiro irin wannan jimla daga littafi. Na riƙe ka da tsanani, in ka yi daidai in yi shiru, in ka kuskure in yi faɗa. Haka mahaifina ya riƙe ni, na ɗauka haka ake yi. Ban san yana ci maka rai ba har ka tafi da shi. Da ina da ido da na rubuta wannan da hannuna.

Sannu, yarona. Sannu da haƙuri da ni, sannu da duk katin da ka zauna ka rubuta lokacin da tsararrakinka suke waje suna wasa. Ka yafe mini. Kwalayen naka ne, kai za ka ƙarasa, sunanka zai zauna kusa da nawa.

Baffanka

Yaya Malama,

Assalamu alaikum. Na same ku lafiya? Yaya jikin Baffa, yaya ɗalibai? Tarin ya tafi, sai dai na rame, wandunana duk sun koma na aro.

Ki yi haƙuri da shirun. Rufin ɗakina ya fara yoyo a daidai kan tebur, dole na tashi na koma wani ɗaki a bayan wata ma'aikatar wanki, inda injina suke ruri tun safe. Mai tsohon gidan ta riƙe wasiƙarki a cikin aljihun teburinta, sai da na je ɗaukar ragowar kayana ta tuna. Guda ɗaya ta ba ni, wadda kika yi mini maganar kalmar da tsegumin tauraro. Na yi dariya sosai, Yaya, kin san ba ni na zaɓi tauraron nan ba.

A makon ne kuma ta Baffa ta zo ta makaranta. A tsaye na karanta ta a gaban akwatunan wasiƙu, sai da na nemi matakala na zauna. Na yi kuka, mutane suna wucewa suna tsallake ni. Tun ina ɗan shekara goma nake jiran kalma ɗaya irin wannan daga bakinsa. Ke da kike gabansa kullum ba za ki san yadda takarda irin wannan take ga mutumin da yake nesa ba.

Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Ya ce an karanta masa amsata, alhali ban aiko ba tukuna. Na yi ta juya abin, na ga kamar tsufa ne ya fara haɗa masa zance. Wataƙila wani abu ne na taɓa faɗa ina yaro ya dawo masa, don jimlar kam ta yi kama da abin da yake raina. Kada ki gyara masa, bar shi a haka.

Ga tawa amsar ta gaskiya, in ya so ki ƙara a katin. Na je ɗakin karatu na bi kalmar zuwa baya. A tsofaffin littattafansu a addu'a ta fi zama, bawa yana roƙon Ubangiji ya yi masa baiwa da abin da bai cancanta ba. Babu girman kai a cikinta a can, tausayi ne zalla. Daga baya ne ta sauko hannun alƙalai da manyan ofis ta ɗauki wannan ɗacin. Ni zan ce yi wa alfarma. Misali, Allah ka yi mana alfarmar kwana lafiya. Na gwada a numfashi ɗaya a gaban madubi, ta fita.

Maganar kwalaye kuma, tunda ya yanke, ki fara jera mini su bisa harufa, ki ɗaure kowanne da roba. Akwai wani malamina da ya san masu buga littattafai, na riga na yi masa maganar. Zan sa a gode miki a shafin farko, wannan alkawari ne.

Ƙaninki

Kai,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke. Baffa ya warke tun ranar da aka sa tauraronka, har ƙiba ya fara yi.

Ba tsufa ba ne, ƙwaƙwalwarsa ta fi taka kaifi. Akwai wasiƙata ta biyu da ba ta same ka ba, ka koma wurin matar nan ta duba aljihun teburinta da kyau. A ciki na gaya maka abin da zan yi, kuma na yi. Na riƙe farar takarda a gabansa, har ina motsa ta don ya ji ƙararta, na karanta masa fassarata da misalina na ce daga gare ka suka zo.

Ka san abin da ya yi? Ya ƙanƙame wuyan hannuna har sai da ya yi shati. Ya ce maimaita, na maimaita. Ya ce yarona, yarona, ya saki hannuna ya rufe fuska. Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baffa ba, ko ranar da aka binne mahaifina. Na zauna ina kallon maganata tana sa shi kuka, sunanka kuma yana bakinsa.

Sai ya ce in ɗauko biro. Wasiƙar da ka zauna a matakala kana yi wa kuka, ni na rubuta ta, harafi bayan harafi. Da ya zo kan sannu ɗin nan hannuna ya tsaya, ya ce me kike jira, na ce biron ne yake yankewa. Na rubuta sannu, na rubuta ka yafe mini, na ninke, na lashe ambulan, na kai gidan waya da ƙafata. Ban ƙara ko harafi ɗaya nawa ba, don na san aikina.

Jimlar ta yi kama da abin da yake ranka, ko? To tawa ce. Ni ce nake gabansa shekara da shekaru. Lokacin da aka ba ni gurbin ƙaro karatu, idonsa ya fara tafiya, na mayar da takardar na zauna, kai kuma aka raka ka filin jirgi. Ni nake sanin lokacin da sugansa ya hau daga yadda yake jan numfashi. Ka ƙirga 'yan layukan da suke kusurwar katunan nan ka ƙirga taurari, in ka zo. Duk da haka da ya ji an ce wani ya daɗe a gabansa ba a ce masa sannu ba, bai ko juyo inda nake ba, tunaninsa ya tsallake ni ya haye teku ya same ka.

Sannan ka ce ba zan san yadda takarda irin wannan take ba. Gaskiyarka, ban sani ba, ba a taɓa aiko mini ba. Na gode da shafin farko. Ka ajiye godiyarka, kwalaye kuma ba zan ɗaure su da roba ba, ba ni da roba.

Fassararka tana da kyau, wannan ba zan hana ka ba. Ban karanta masa ba, don in na karanta dole in faɗi wadda ta riga ta daga ina ta fito. Ni kuma ba zan faɗa da bakina ba, zai ce kishi ne ya sa nake neman ƙwace maka. Kuma da kishin, ban musa ba.

Yayarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Baffa. Ni lafiya, aiki ne dai bai tafiya.

Na daɗe ban amsa ba, wannan karon ba yoyon rufi ba ne. Fushi na yi. Na je na karɓo wasiƙarki ta biyu, tana nan a ƙarƙashin takardun wutar lantarki. Da ta zo a kan lokaci da ban zauna a matakala na ba da kaina ga mutane ba.

Zan faɗa miki gaskiya tunda ke ma kin faɗa. Da farko na yi niyyar in yi shiru. Na ce tsoho ne, ya samu kwanciyar hankali, me zai sa a tayar masa. Na san kuma ƙarya nake yi wa kaina, takardar nake so in riƙe, da kwalayen. Na karanta ta har ninkin ya fara yagewa. Yanzu in na buɗe ba muryarsa nake ji ba, rubutunki nake gani, da wurin da biro ya tsaya.

Kina ganin ni aka fi so. To ki ji nawa. Baffa yana yabona ne yadda ake yabon baƙo, a gaban maƙwabta, ni ba na nan. Da ina gidan ban taɓa jin yarona ɗin nan ba, sai da na tafi aka raɗa mini shi. Ke yake kama wa hannu. Ke yake yi wa tsaki, ke ya yarda ki gan shi ba riga. Ni a nan in na maƙale a kan kalma, bango nake tambaya, injin wanki ya amsa mini. Sau ɗaya tak ya buɗe mini cikinsa, shi ma ashe maganarki ce ta buɗe shi. Na yi shekaru ina karatun fassara, na kawo masa alfarma daga littafin addu'a, ke kuma kina yanke farce kika kawo abin da ya sa shi kuka. Ba cewa nake taki ta fi tawa ba, har gobe ina ganin rabin kalmar kika kama. Amma rabin da yake nema ke nan, kuma ina jin haushinki a kan haka, ba kaɗan ba.

Ga takarda daban a ciki, ta Baffa ce. Na gaya masa amsar ba tawa ba ce, misalin ba nawa ba ne, kwalaye kuma ban da haƙƙin karɓarsu a kan wannan. Na sa tambarin makaranta mai tudu a ƙasa don ya shafa da yatsa ya san daga nan ta fito, kada ya ce ke kika tsara. Ki karanta masa duka, kada ki rage don ki kare ni, kada ki ƙara don ki rama.

Wasiƙarsa dai ba zan mayar ba. Ko ba don ni aka yi ta ba, sunana ne a bayan ambulan.

Ƙaninki

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma ka fara cika wandunanka. Mu nan lafiya. Baffa ƙafar ta ɗan kumbura, an canza masa magani, ta saɓe.

Na karanta masa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya karɓi takardar ya shafa tambarin, ya daɗe yana shafawa. Na zaci zai yi shiru irin nasa, ashe faɗa ne zai biyo baya, faɗan da ban taɓa sha ba. Ya ce shi duk zamansa a kotu bai taɓa sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, ya ga tafintan da aka kora a kan ƙasa da haka, yau ga shi a gidansa an sa masa tauraron ƙarya a kati. Ya ce in fita. Na ce ba inda za ni, lokacin maganinsa ya yi. Ya sha maganin yana huci, ni ma ina huci.

Kwanaki ba ya yi mini magana sai ta dole. Ban roƙe shi ba, don abin da ya faɗa a kan katin gaskiya ne, nawa kuma da yake raina shi ma gaskiya ne. Tsohon akawu ya shigo, ya ga yanayin gidan, ya gaisa a tsaye ya fita.

Ranar Asabar da hantsi, ina shanya, ya kira ni. Ya ce in ɗauko katin. Ya kama hannuna ya sa na faɗi taka, ta fita. Ya ce taka ta bawa da Ubangijinsa ce, tawa ta mutum da mutum ce, a sa su duka, taka a sama don ta fi tsufa. Na goge tauraron ƙarya, na sa maka na gaskiya a gefen alfarmarka, na ja ɗan layina a ƙasa. Ka ga ko a nan ma kai ne a sama.

Na tashi zan mayar da kwali ya ce in ɗauko takarda da biro. Na ɗauka kai za a sake ba haƙuri, har na fara rubuta yarona. Sai ya ce, "Zuwa ga 'yata."

Na ce, "Baffa, ga ni a gabanka."

Ya ce, "Na sani. Rubuta."

Ya juya fuskarsa wajen taga, kamar wadda yake wa magana tana wata ƙasa, ya yi ta faɗa ina rubutawa, tsakanina da shi bai fi kamu biyu ba. Ba zan gaya maka duk abin da yake ciki ba, nawa ne. Abin da ya shafe ka shi ne kwalaye, ya ce ni zan ƙarasa, kai za ka duba in na gama, sunana ne zai zauna kusa da nasa. Ka yi wa malaminka bayani. Na san zai yi maka zafi, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa ban ji daɗi ba.

Da muka gama na ninke zan sa a jaka, ya ce a'a, wasiƙa ba ta zama wasiƙa sai ta bi gidan waya. Ya sa na rubuta adireshin gidan nan a bayan ambulan, na manna kan sarki, na tafi na jefa. Ma'aikacin wurin ya duba adireshin ya dube ni, don ya san ni, na ce ya yi aikinsa kawai. Ka zo ka ga yayarka, malamar makaranta da furfurarta, tana leƙen ƙofa duk sa'ad da babur ya tsaya, tana jiran takardar da ta rubuta da hannunta.

Jiya ta iso. Na shiga ɗakina na rufe ƙofa na karanta, kamar ban san abin da yake ciki ba, kuma na yi abin da ka yi a matakala. Da na fito na ba shi shayinsa, ya tambaya ko mai wasiƙa ya zo, na ce ya zo. Ya ce to, kawo kati na gaba. Mun shiga kwalin ƙarshe.

Ka riƙe taka, ba wanda zai ce ka mayar. Amma ni na rubuta su duka biyu, na san tsawon kowacce. Taka sai da na juya bayan takarda, tawa ko shafi ɗaya ba ta cika ba. Kada ka ɗauka ban lura ba.

Yayarka